Shirun ma'aikaci ba ladabi ba ne

Daga masu shaguna a Kantin Kwari har masu masana'antu a Sharaɗa, kuka ɗaya ake ji: yaran yanzu ba sa son aiki. Kafin a ɗora wa yaro laifi, ya kamata maigida ya tuna yaushe rabon da ya ce masa "sannu da ƙoƙari" ba tare da faɗa ya biyo baya ba.

A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, ya wallafa sakamakon hirar da shi da abokan aikinsa suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Abin da suka gano shi ne, abin da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban, abin da ke zaburar da shi daban. Ƙarancin albashi da mugun shugaba da wurin aiki mara daɗi su ke jawo gunaguni. In an gyara su, gunaguni ya kwanta, shi ke nan. Himma kuwa tana zuwa ne idan aka yaba wa mutum kan abin da ya yi, aka damƙa masa amana, kuma ya ga yana gaba.

Kada wani ya fake da wannan ya ce kuɗi ba komai ba ne. Mai jin yunwa ba ya jin yabo. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana a wuce wata guda ba a biya ma'aikaci ba, kuma tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kodayake wannan bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba.

Abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne tsawa a gaban kwastoma. Yaron da aka disga a bainar jama'a zai sunkuyar da kai ya ce "to, Alhaji", maigida ya ɗauka ladabi ne. Daga ranar nan, in ya ga kaya na lalacewa a sito ba zai faɗa ba, in lissafi ya kauce ba zai nuna ba. Me zai kai shi?

Akwai kuma gajiyar da barci ba ya maganinta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ingancin abin da yake yi. Da yawa daga waɗanda muke kira malalata nan suka faɗa.

Idan yaro ya yi kuskure, a ja shi gefe a yi masa gyara. A ba shi ranar hutu tsayayya. Wanda kuma aka yi wa alkawarin sallama da jari, a faɗa masa shekarar tun yanzu, a gaban shaidu.