Me Ya Sa Duniya Take Da Tumbi A Tsakiyarta?

Da yawanmu mun taso da sanin cewa duniya dunƙulalliya ce kamar ƙwallo. Haka ne, amma da ɗan gyara: tsakiyarta ta kumbura, samanta da ƙasanta kuma sun ɗan baje. Abin da ya jawo haka shi ne juyawar da take yi, da wani ƙarfi da za mu kira ƙarfin majaujawa.

Mun san yadda yaro ke wulwula majaujawa: dutsen yana jan igiya, yana neman ficewa. Haka muke ji in mota ta sha kwana da gudu, sai mu ji kamar an tura mu jikin ƙofa. Malaman kimiyya sun ce babu mai tura mu. Jikinmu ne ke son ci gaba da tafiya miƙe, motar kuma ta karkata. Shi ya sa suke cewa wanda ke cikin abin da ke juyawa shi ne ke jin wannan ƙarfi. Christiaan Huygens, masani ɗan ƙasar Holan, ya yi lissafinsa a 1659.

Duniya ma babbar majaujawa ce. Tana kammala juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56. A layin Ikwaita, wanda ya raba ta gida biyu, gudun juyin ya kai kusan kilomita 1,670 a awa. A Yamai ya ɗan haura 1,600. A ƙuryar arewa da ƙuryar kudu kuwa babu gudun sam. Don haka tsakiya ce ta fi jin wurgin, sai ta kumbura. Daga cibiyar duniya zuwa Ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙurya kuwa 6,357. Tazarar kilomita 21 ke nan.

Agogo ne ya fara tona wannan asiri. A 1672 wani Bafaranshe, Jean Richer, ya kai agogo mai lilo daga Paris zuwa Kayen, kusa da Ikwaita a Kudancin Amurka. Sai ya ga agogon yana yin baya da kusan minti biyu da rabi kullum. Isaac Newton ya yi bayani a littafinsa na 1687: jan da ƙasa ke yi wa abubuwa ya fi rauni a can, shi ya sa lilon ke nawa. Wasu masana a Faransa suka musa, suka ce duniya doguwa ce ta sama da ƙasa. Aka tura ayari biyu su auna, ɗaya zuwa yankin Peru a 1735, ɗaya zuwa Laplan a 1736. Awo ya gaskata Newton.

Wannan yana da tasiri har yau. Buhu mai kilo 100 a ƙuryar arewa, in aka kawo shi Ikwaita aka rataya a sikeli mai sifirin, zai nuna ragin kusan rabin kilo, alhali ba a ɗebi ko ƙwara ɗaya ba. Haka nan Eberas ya fi kowane dutse tsawo daga saman teku, da mita 8,849, amma ƙololuwar Cimborazo ta ƙasar Ekwado ta fi shi nisa daga cibiyar duniya, saboda tana zaune a kan tumbin. Turawa ma daga Kuru, kusa da Kayen, suke harba rokokinsu, don su ci moriyar gudun juyin da ke wurin.

To me ya hana a wurgar da mu? Jan ƙasa ya fi ƙarfin majaujawa kusan sau 289 a Ikwaita. Sai duniya ta ninka gudunta sau 17 kafin mutumin da ke can ya rasa nauyinsa gaba ɗaya.

Ga ɗalibanmu, ba sai an je nesa ba. Na'urar da ke wulwula jini a asibiti don a raba ƙwayoyinsa da ruwansa, da injin wanki da ke matse tufafi, duk da wannan ƙa'ida suke aiki. A zuba ruwa kaɗan a bokiti, a wulwula shi ta saman kai da sauri, za a ga ruwan bai zube ba. Daga nan sai a rage gudun a hankali, a lura da lokacin da ruwan zai fara zubowa.