Ko Ka Sani? Tsufan Macen Ɓera Daga Ƙwaƙwalwa Yake Farawa

A filayen noman rani na Bunkure, Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 yake bi ta kanal-kanal yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir, ɓera na cikin maɓarnatan da manoma suka fi kuka da su. Wanda ya fi suna a gonakin Afirka shi ne ɓera mai yawan nonuwa, na jinsin Mastomys, wanda macensa kan ɗauki ciki na kwana 23 kacal, ta haifi 'ya'ya goma ko fiye, kuma ta iya karɓar namiji jim kaɗan bayan haihuwa.

Mafi yawan abin da aka sani game da haihuwar ɓera daga farin ɓeran ɗakin gwaji aka samo shi. Jikin macensa yana zagaye na kwana 4 ko 5, kuma hormon ne ke tafiyar da shi, wato sinadarin da wata gaɓa ke sakawa cikin jini don isar da umarni ga wata gaɓar. Idan ƙwai ya kusa nuna, ma'ajiyar ƙwai takan ƙara fitar da hormon ɗin istirojin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci ƙullin fituwitari da ke ƙarƙashinta ya kwararo hormon ɗin LH da yamma, sai ƙwai ya fita cikin dare. Barbara kuwa, ban da kai maniyyi, tana da wani aiki na biyu, domin taɓa bakin mahaifa yana sa fituwitari ya riƙa sakin hormon ɗin furolaktin sau biyu a rana har kimanin kwana 10, shi kuma ya raya gurbin da ƙwai ya bari don ya ci gaba da samar da furojestaron, hormon ɗin da ke riƙe ciki. Shi ya sa ko da namijin ba ya haihuwa, macen takan shiga cikin ƙarya na kusan kwana 12.

Idan macen ta doshi shekara ɗaya a duniya, tsakanin wata 8 zuwa 12, wannan tsari yakan fara tangal-tangal. Binciken Phyllis Wise a Amurka a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa kwararar LH takan makara kuma ta ragu tun zagayen bai rikice a fili ba. Daga baya macen takan maƙale a halin neman barbara ba yankewa, alhali ƙwai ba ya fita. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙwan bai ƙare ba, saɓanin yadda al'adar 'yar Adam ke ɗaukewa saboda ƙarewar ƙwai. Pierre Aschheim ya gwada a Faransa cikin shekarun 1960 cewa ma'ajiyar ƙwan tsohuwa, idan aka dasa ta a jikin matashiya, takan koma aiki, amma ta matashiya a jikin tsohuwa ba ta gyara kome. Ke nan ƙwaƙwalwar ce ta daina amsa kiran istirojin.

A nan ne barbara take yin abin da ba a zata ba. John Lu da abokan aikinsa a Jami'ar Kaliforniya sun gano cewa tsohuwar da ta maƙale a wannan hali, idan aka haɗa ta da namiji, ƙwaƙwalwarta kan farka, LH ya kwararo, ƙwai ya fita, kamar tsohon injin ban ruwa da ya ƙi tashi da kansa amma ya kama da aka ja masa igiya. Sai dai ƙofar ba ta daɗewa a buɗe, domin gwargwadon watannin da tsohuwar ta yi a haka, gwargwadon raunin amsar, har ta ɓace. Sun kuma lura cewa matan da suka yi ta ɗaukar ciki sun fi jinkirin rikicewa, kuma ana danganta hakan da hutun da furojestaron ke ba ƙwaƙwalwa daga istirojin. Ko cikin ya shiga, 'ya'yan tsohuwa ba su kai na matashiya yawa ba.

Ga manomin Bunkure wannan ilimi yana da amfani ta wata fuska. Ɓeran gona ba kasafai yake cika shekara ba, saboda mujiya da maciji da tarko da yunwa, don haka akasarin matan sukan mutu tun tsufa bai taɓa ƙwaƙwalwarsu ba, kuma masu cika gona matasa ne 'yan wata 3 zuwa sama. Bincike a Tanzaniya ya nuna cewa tsirowar ɗanyar ciyawa bayan ruwan sama ke buɗe lokacin haihuwar Mastomys, kuma a gonakin shinkafa na ban ruwa haihuwar kan ci gaba kusan duk shekara. Inda kanal ke riƙe danshi har cikin rani, bai kamata a jira sai shinkafa ta yi kai ba. Nome ciyawar gaɓar kanal, toshe ramuka a kan iyakokin gonaki da ɗana tarko tare da maƙwabta tun kafin dashe sun fi rage yawan matan da za su kai ga barbara.