Ɗan Tare Saƙo: Abin Da Na Kasa Faɗa A Ƙofar Ruwa

Bayan mace-macen dattawa da suka girgiza Kano a watan Afrilun 2020, wani mai sayar da rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ya tare ni da tambaya: "Malam, me ya sa korona ta kwantar da yayana har ya cika, ni kuwa tari kawai na yi?" Na yi shiru. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da suka rasu, mai yiwuwa rabi ko fiye cutar ce sanadi.

Shekaru da ciwon suga da hawan jini suna cikin amsar. Amma akwai wani ɗan mitsitsin abu a ƙwayoyin jikinmu da masana ke kira maikro-RNA, wanda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano a jikin wata tsutsa a 1993, suka kuma sami kyautar Nobel a 2024. Aikinsa shi ne ya manne wa saƙon da ƙwayar halitta ta aika don a ƙera furotin, ya hana shi isa. Wasu irinsa suna rura kumburin huhu, wasu suna kwantar da shi, kuma an ga yawansu ya sauya a jinin waɗanda korona ta galabaitar.

Abin da ya dame ni a matsayina na malamin harshe shi ne, ba mu da kalmarsa. Likita ya san abin da Turanci, ɗan kasuwa kuwa sai jita-jita ta cika masa kunne. Ni dai "ɗan tare saƙo" na raɗa masa, kuma har yanzu ɗalibaina suna ja da ni a kai.