Ina Amfanin Tambayoyin Masu Bincike?

Wani mai sauraronmu, manomi daga karkarar Katsina, ya aiko da wasiƙa yana cewa: masu binciken lafiya kan zo gari da takardu, su yi ta tambaya, su tafi, shiru kake ji. Shin ina abin yake zuwa?

To, Malam, gano magani daban, kai shi bakin yaro daban. Ɗauki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina. An gwada shi a Senegal da Mali da Burkina Faso, aka ga yana rage zazzaɓin yara da kusan kashi 75 cikin 100. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, a 2013 aka fara rabawa a Jihar Katsina da wasu sassan Nijar, ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5.

Nan fa aikin ya soma. Maganin na kwana uku ne, kowane wata, wajen wata huɗu a jere, daidai lokacin da kowa ke gona. In aka ce iyaye su kawo yara asibiti, wa zai bar noma ya bi layi? Shi ya sa ake bi gida-gida. Gidan da ake kulle kuwa, namiji ba ya shiga, dole a nemi mata. Ga ɗacin ƙwayar, yaro ya furzar, uwa ta haƙura, har sai da aka samo mai narkewa a ruwa, mai ɗan zaƙi. Ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, sauran kwana biyun kuwa suna hannun uwa, kuma nan ne aka fi samun giɓi. Wata takan ɓoye sauran sai yaro ya kwanta, alhali rigakafi ne, ba na warkarwa ba.

Duk wannan ba a ofis ake saninsa ba, sai an tambaye ku. Don haka in sun dawo, kada ku ce "komai lafiya" don kunya. Ku gaya musu ranar kasuwarku, da watan da hanya ke yankewa, da wanda mata ke jin maganarsa, ko ungozoma ce ko matar liman. Ni a ganina har da mai unguwa ya kamata a zauna tun kafin a tsara rabon. Ku kuma tambaye su yaushe za su dawo su faɗa muku abin da suka gano, a gaban dagaci, da Hausa.