Man Kolmani: Ina Alƙaluman da 'Yan Kasuwa Za Su Dogara da Su?

TUMFURE, Gombe — Unguwar Tumfure, wadda ke kan hanyar Bauci daga birnin Gombe, tana cikin Ƙaramar Hukumar Akko. Akko kuwa ita ce ta yi iyaka da Alkaleri ta Jihar Bauci, kuma a tsakaninsu ne filin man Kolmani yake. Saboda haka duk mai niyyar gina otal, ko sito, ko gidan mai a wannan unguwa yana da dalilin son sanin yawan man da ke ƙarƙashin ƙasa, da lokacin da zai fara fitowa kasuwa.

Sai dai kuma akasarin abin da jama'a suka sani daga jawaban bukukuwa ya fito. A shekarar 1999 kamfanin Shell ya haƙa rijiya ta farko a Kolmani, ya tarar da iskar gas, amma bai ci gaba da aikin ba. A watan Fabrairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙa rijiya ta biyu, a watan Oktoba kuma Kamfanin Mai na Ƙasa, NNPC, ya ba da sanarwar samun mai da gas. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 aka yi babban bikin buɗe aikin, inda aka ambaci ɗanyen mai fiye da ganga miliyan dubu ɗaya, da jarin Dala miliyan dubu uku, da matatar mai, da tashar lantarki, da masana'antar takin zamani.

Ganga miliyan dubu ɗaya adadi ne mai daɗin ji, amma a lissafin tattalin arziki man da ke kwance a cikin dutse daban, wanda za a iya fitarwa da riba daban. Ko a filayen da suka fi albarka, wani kaso ne kawai ake iya tsotsowa. Wannan kason ya dogara da irin dutsen, da ƙarfin kwararar rijiya a lokacin gwaji, da kuɗin kai man ga mai saye, kuma Kolmani na da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga teku. Banki ba ya ba da rance a kan adadi na farko. Na biyun yake tambaya. Ɗan kasuwar Tumfure ma shi ya kamata ya tambaya kafin ya zuba bulo.

Hukumar NUPRC, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, tana buga yawan man da aka haƙo kowane wata, tasha bayan tasha: Bonny, Forcados, Escravos, Qua Iboe da sauransu. Wannan ci gaba ne. Amma jadawalin na man da ya riga ya fito ne, don haka a shekarun 2023 da 2024 babu sunan Kolmani a cikinsa. Rijiyoyi nawa aka kammala, me gwajinsu ya nuna, nawa aka kashe: ba a saba buga waɗannan a kai a kai ba. A 2025 sai da sabon shugaban NNPC, Bayo Ojulari, ya ce za a koma bakin aiki a Kolmani. A ƙasar Norwe, hukuma tana buga bayanin kowace rijiyar bincike da abin da kowane fili ya fitar, kowa ya duba kyauta.

Gwamnatoci ma da alƙaluman za su ci abinci. Tsarin mulkin 1999 ya ba jihar da aka haƙo ma'adini a cikinta aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da aka samu, dokar 2021 kuma ta ware wa al'ummomin yankin kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aiki na shekarar da ta gabata. A filin da ya ratsa jihohi biyu, rabon Gombe da Bauci zai dogara da inda kowace rijiya take da abin da ta fitar.

Akwai hanyar tambaya a doka. Hukumar NEITI, wadda dokarta ta fito a 2007, tana binciken kuɗaɗen mai tana buga sakamakon. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, damar rubuta wa hukumar gwamnati takardar neman bayani, ta kuma wajabta amsa cikin kwana bakwai.