Auren Ƙarafa: Zaɓen Tsohuwar Motar da Za A Ƙera Sabuwa da Kayanta

A garuruwan yammacin Jihar Kano, kamar Fulatan da Rogo da Ƙaraye, da wuya a rasa wata tsohuwar mota da aka jingine a bayan gareji, tayoyinta sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Yaran da suka taso suna ƙera motar kara da ta gwangwani sukan dube ta su yi tunanin ko za a iya fitar da sabuwa daga cikinta. Amsa ita ce ana iyawa. A 2007 wani ɗalibin kimiyyar fiziya na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har ya ɗaga sama kimanin ƙafa 7. Sai dai nasarar irin wannan aiki, da ran wanda zai hau, sun rataya ne a kan tsohuwar motar da aka zaɓa tun farko.

Asalin Al'adar

A Ingila, cikin 1957, injiniya Colin Chapman ya fito da wata ƙaramar motar tsere mai suna Lotus Seven. Ana sayar da ita a wargaje, mai saye ya ɗaure abarsa a gida, injinta kuwa na ƙaramar Ford ne. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta. A 1996 kuma Ron Champion ya wallafa littafin da ya nuna yadda mutum zai yi waldar firam da kansa, ya ɗora masa kayan tsohuwar Ford Escort. Motar da ake ciro wa kaya ita ce uwar aikin, domin daga gare ta ake samun inji da giyabos da aksul da sitiyari da birki.

Darasi Daga Lambu

Duk manomin da ya taɓa auren mangwaro ya san ƙa'idar. Ana ɗaura reshen mangwaro mai daɗi a kan kututturen mangwaro mai juriya, su haɗe su zama bishiya guda. In aka ɗaura shi a kan lemo ba zai kama ba, saboda jinsinsu ya bambanta. Haka ma likita ba ya ƙara wa majiyyaci jini sai ya tabbatar rukunin ya dace, ilimin da Karl Landsteiner ya gano a 1901. Ƙarafa ma haka suke. Injin wannan mota da giyabos na waccan da birkin wata daban ba su cika jituwa ba, domin kowanne an auna shi ne da ɗan'uwansa. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce a ɗebo muhimman kayan daga mota guda.

Ƙashi a Ciki, Ƙashi a Waje

Dabbobi irin su akuya ƙashinsu yana ciki, nama ya lulluɓe shi. Fara da ƙaguwa kuwa ɓawonsu na waje shi ne ƙashinsu. Yawancin ƙananan motocin zamani irin fara ne, watau kwanon jikinsu shi ke ɗauke da nauyi. Wanda ya yanke rufin irin wannan mota don ta yi kama da ta tsere ya karya mata ƙashin baya ke nan, kuma ranar da ta yi karo za ta naɗe da mutanen ciki. Abin da ya dace shi ne a yar da kwanon, a yi sabon firam na bututun ƙarfe da aka jera kusurwa uku-uku, domin siffa mai kusurwa uku ba ta lanƙwashewa da sauƙi.

Motoci Uku a Ma'auni

Ta farko ita ce Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun shekarun 1970. Jikinta da kusoshi aka ɗaure shi a kan faranti, ana kwance shi a bar farantin da inji da tayoyi. Injinta na baya ne, iska ke sanyaya shi, ba ya bukatar lagireto. Da kayanta Bruce Meyers ya ƙera motar rairayi ta Meyers Manx a Amurka a 1964. Aibinta shi ne ta yi ƙaranci yanzu, kayanta kuma sai an tona.

Ta biyu ita ce Golf, wadda ta yi suna wajen jigilar fasinja a hanyoyin karkara. Kayanta a wadace suke, amma injinta a gicciye yake, tayoyin gaba yake ja. Mai son amfani da shi sai ya mayar da inji da giyabos gaba ɗaya bayan kujerar direba, ya sake tsara hanyar ruwa da sandar giya, aikin da ya fi ƙarfin ɗan koyo.

Ta uku ita ce Peugeot 504, watau Fijo, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma shafe kusan shekaru 30 ana haɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Injinta a miƙe yake a gaba, tayoyin baya ke tura ta, daidai da tsarin Lotus Seven. Ta nuna juriya da ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Tsofaffin makanikai sun san cikinta sarai, ana kuma samun kayanta a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Matsalarta ita ce farfelarta a cikin bututu take, gajarta ta sai ƙwararren mai aikin juya ƙarfe. Duk da haka, ga ɗan Fulatan ita ta fi kusa da hannu. Sai dai a bar wa motar tsawon ƙafa, domin mai jan ciki irin ta Turai ba za ta kai labari a hanyar burji da damina ba.

Sauƙin Nauyi Ya Fi Girman Inji

Fijo 504 tana da nauyin kimanin kilo 1,200, injinta kuma ƙarfin doki kimanin 90, watau kowane doki yana jan kilo 13. Idan aka ɗora injin nan a kan firam ɗin da dukan nauyinsa bai wuce kilo 600 ba, kowane doki zai ja ƙasa da kilo 7. Ƙarfin tashinta ya kusan ninkawa ke nan ba tare da an taɓa injin ba. Amma a tuna, idan gudu ya ninka sau 2, tazarar da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita tana ninkawa sau 4. Don haka birki ya fi inji bukatar kulawa.

Duba Lafiyar Uwa

Motar da aka daka ta baya ta fi wadda ta yi karo ta gaba, domin inji da sitiyarinta sun tsira. A tayar da injin da sanyin safiya. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cin baƙin mai, baƙin mai da ya koma kamar koko kuwa alamar ruwa ya shiga cikinsa. Tiyon birki da tayoyi sababbi ake saye, domin roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba. A karɓi takardu da rasit, a gwada lambar inji da ta jiki, kada a sayi ta sata. Kafin a hau titi kuma sai jami'an duba lafiyar motoci sun amince. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kammalawa

Malaman kimiyya ba sai sun jira kuɗin ƙera mota ba. Ziyara guda zuwa garejin gari, da awo da littafin rubutu, ta isa ɗalibai su auna tsohuwar mota, su lissafa nauyinta da ƙarfinta, su yanke hukunci ko ta isa zama uwa. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi ya riga ya fara aikin injiniya.