Tuwon Biki da Ƙwallon da Aka Ci Mu a Abidjan

Duk wanda ya san gidan biki ya san yadda ake tuƙa tuwon taro. Wata ce ta surfa masara, yaro ya kai niƙa, wata ta yi tankaɗe, wata ta hura wuta, wata ta yi talge, sannan majiya ƙarfi su karɓi muciya suna tuƙi bi da bi. Idan tuwon ya yi kyau, sai ka ji kowa na cewa “mun yi ƙoƙari”. Amma bari a kai wa baƙi su tarar da gudaji a ciki, ko su ji ɗanyen gari. Nan take “mu” za ta ɓace. Wasu su ce ai mai injin niƙa ne ya cuce su, tunda shi bare ne, kuma ba ya wurin balle ya kare kansa. Wasu kuma su rufu a kan yarinyar da aka gani da muciya a hannu a ƙarshe.

Abin da ya faru ke nan a gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi a daren 11 ga Fabrairun 2024, da Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2-1 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, a filin wasa na Alassane Ouattara da ke wajen Abidjan. Tun kafin a kashe janareta musu ya kaure.

“Wallahi alƙalin wasan nan ne ya kashe mu. Kana kallo ana tafka wa Osimhen ƙafa, shi kuwa ko a jikinsa.”

“Haba Malam, wane irin alƙalin wasa? Kai ba ka ga yadda yaron nan Adingra yake wuce Ola Aina kamar babu kowa a gabansa ba?”

“To Iwobi fa? Me ya tsinana a tsakiya in ban da mayar da ƙwallo baya?”

Mu fara da mai injin niƙa. Dahane Beida ɗan ƙasar Muritaniya ne ya busa wasan, kuma ba zan hana kowa jin haushin wani busa da ya yi ko ya ƙi yi ba. Filin ya cika maƙil da masu masaukin baƙi, kuma alƙali ɗan Adam ne, ihun dubban mutane yana iya taɓa zuciyarsa. Sai dai a dubi ƙwallayen da suka shiga raga. William Troost-Ekong ya ci mana da ka a minti na 38. Franck Kessié ya farke da ka a minti na 62, daga bugun kwana da Simon Adingra ya ɗauko. A minti na 81 Adingra ɗin dai ya sake kutsowa ta gefe ya bugo, Sébastien Haller ya sa tsinin takalmi ya karkatar da ita cikin raga. A cikin biyun nan babu satar gida, babu fenaritin da aka ƙaƙaba mana. Garin da aka niƙo lafiyarsa ƙalau.

Kwana huɗu kacal kafin nan ma, an yanke mana hukuncin da ya fi kowanne ɗaci, amma ba mu riƙe shi ba. A wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu a Bouaké, Osimhen ya zura ƙwallon da za ta zama ta biyu, mutane har sun fara tsalle, sai alƙali ya je ya duba na'urar VAR. Ya soke ƙwallon, ya dawo can ɗaya gefen ya ba su fenariti saboda ƙetar da Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau. Teboho Mokoena ya ci, aka tashi 1-1. Da yake mun yi nasara a bugun fenariti da 4-2, washegari ba wanda ya damu da sunan alƙalin. Da an fitar da mu a daren, na tabbata Alhassan, yaron Kano da aka kira daga baya don ya cike gurbi, shi ne zai kwana da zagin ƙasa guda a kansa.

Wanda ya kwana da shi bayan Abidjan shi ne Alex Iwobi. An yi masa ca da zagi, har ya goge hotunansa a Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su dakata. Wannan ne ya fi ƙona min rai, domin duk wanda ya kalli tsarin wasan ya san wane aiki aka ɗora masa. Wilfred Ndidi ya ji rauni tun kafin a fara gasar. Koci José Peseiro ya zaɓi ya tara mutum uku a baya, biyu a gefe suna hawa suna sauka, ya bar Iwobi da Frank Onyeka su biyu a tsakiya. Iwobi, wanda aka saba gani yana kai wa 'yan gaba ƙwallo, ya koma ɗan tare hanya. Tsarin ya yi aiki, domin ƙwallo biyu kawai aka zura mana a wasanni shida kafin wasan ƙarshe, kuma a lokacin kowa yabo yake. A Abidjan sai mutum biyun nan suka haɗu da uku: Kessié, Seko Fofana da Jean Michaël Seri. Tukunyar da mutum uku suka saba tuƙawa aka miƙa wa mutum biyu, bayan wasa na minti 120 da suka buga a tsakiyar mako.

Ni a ganina, tuwon ya lalace ne lokacin da aka janye wuta tun bai nuna ba. Da muka ci ƙwallo ɗaya sai muka ja baya gaba ɗaya, muka bar musu ƙwallo, muka bar Osimhen shi kaɗai a gaba yana ta gudu ba mai ba shi. Saura fiye da minti 50 a tashi. Stanley Nwabali ya tare abin da zai iya tarewa, amma ragar da ake ta yi wa luguden ƙwallo tun daga dawowa hutun rabin lokaci, dole wata ta shige.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake faɗa a majalisa ba, wai don kada a ce mutum ba shi da kishin ƙasa: maƙwabta ma sun iya tuƙi. Wannan Kwaddibuwar ce Ikwatoriyal Gini ta lallasa da 4-0, ta sallami kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ta tsallake rukuni da ƙyar da jiɓin goshi, Emerse Faé ya karɓe ta ya fitar da Senegal da Mali da Kwango. Haller da ya ci mu kuwa, a 2022 aka gano yana da cutar daji, ya sha magani da tiyata kafin ya dawo fili.

Ba na son a daina musun ƙwallo, shi ne rabin daɗin kallo. Musun da nake so in ji shi ne me ya hana Peseiro ƙara mutum na uku a tsakiya tun da aka dawo daga hutu, da kuma dalilin da ya sa aka bar Aina da Adingra su kaɗai a gefe har aka zura ta biyu. Mai shayi da mai faci da ɗalibi duk suna da ta cewa a kan wannan, kuma ana iya kai wa asuba ana yinsa ba tare da an zagi uwar kowa ba.